Ranar da Batirina Ya Ƙare a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara zuwa gaida mahaifin Hadiza ba, wadda yau ita ce uwar 'ya'yana. Lokacin ina zaune a Germantown, a jihar Maryland ta Amurka, ina aiki a wani kantin magani, kuma ban daɗe da sayen mota mai amfani da lantarki ba. A cikin Hausawan yankinmu ni ne na fara sayen irinta, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Duk wanda ya yi kuskuren ce min sannu da zuwa, sai ya sha bayanin motar nan.

Gidan su Hadiza yana Fort Washington, tafiya ce mai nisa daga wurina. Ana sanyi mai shiga ƙashi, ga cunkoso a hanya, ni kuma na ƙure ɗumin mota don kada in isa ina karkarwa cikin shadda. Ina kallon batir yana sauka kamar ana zuƙarsa, na kawar da kai.

Na tarar da Baba a falo, dattijo Bazazzagi mai furfura a gemu da magana a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Hadiza ta taɓa gaya min a kamfanin wuta yake aiki, ban tambayi wane iri ba (hankalina yana kan murmushinta a lokacin). Da komai ya tafi lafiya, in da bai tambaye ni wace irin mota ce ta shigo ba tare da ya ji ƙararta ba.

Nan take kunyar surukuta ta bar ni. Na ce ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta cutar da kowa. Ya tambaye ni wutar da take sha daga ina take zuwa. Na ce daga soket. (Digiri biyu gare ni, jama'a.) Ya yi murmushi. Don in gyara, sai na ƙara ɓatawa. Ba a daɗe da hatsarin tashar nukiliya a Japan ba, na kalli labarai har na ɗauka na zama masani. Na ce ni dai fatana a rabu da nukiliya, bam ne aka ajiye a bayan gari ana jiran ranar tashinsa. Na ce masu aiki a irin wurin nan ko ba su san ciwon kansu ba, ko kuma ba su da iyalin da suke so.

Na ji cokali ya faɗi. Hadiza ce tsaye a ƙofar kicin da tire, ta zaro idanu tana girgiza min kai.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ai ni can nake aiki, a tashar nukiliyar nan ta bakin ruwa. Tun kafin a yaye Hadiza. Kuma ina son iyalina."

Sanyin da ake yi bai hana gumi tsatso min ba. Na ce Allah ya ba da haƙuri, na ce Allah ya ƙara girma, har na ji bakina ya ce Allah ya sanya alheri. Na ƙirƙiro aikin gaggawa na yi sallama, na faɗa mota da niyyar kada a sake ganina a Maryland ta kudu. Motar ta nuna min cajin da ya rage ba zai kai ni ko babban titi ba.

Ina zaune na kifa kai a sitiyari sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Baba ne da silifas da rigar sanyi. Bai tambaye ni komai ba. Ya fitar da tasa motar daga gareji, ya sa na shigar da tawa, ya karɓi wayar cajin ya jona da hannunsa. Sannan ya ce, "Wani kaso na wutar nan daga wurinmu ta fito. In ba ka so, sai mu jira bazara, ko rana za ta caja maka."

Soket ɗin gida kamar ɗigon famfo yake wajen caji, don haka na wuni. Muka yi Azahar tare, muka ci tuwon da Mama, mahaifiyar Hadiza, ta tuƙa, muka yi La'asar. Ya ba ni labarin yadda mahaifiyarsa ta yi ta kuka a Zariya da ta ji inda ya sami aiki, ta ɗauka bam yake haɗawa, da yadda ya riƙa kiran ta duk Juma'a don ta ji muryarsa har Allah ya karɓi ranta. Ya yi min bayanin katangar kankare mai kauri, da injinan ko-ta-kwana da ake gwadawa ba fashi, da ɗan abin da suke maƙalawa a ƙirji yana auna tururin nukiliyar da ya taɓa jikinsu. Bai ɓoye min ba cewa sharar nukiliya har yanzu matsala ce, kuma abin da ya faru a Japan ya hana su sukuni.

"Tsoronka ba laifi ba ne," in ji shi. "Ni ma ina tsoron ta. Ranar da na daina, ranar zan ajiye aiki. Abin da aka ba ka amana haka ake riƙe shi."

Da ya faɗi haka, ƙofar kicin ya kalla, inda Hadiza take. Ni kuwa na kasa ɗaga kai.

An ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Har gobe ina da tambayoyi kan nukiliya, sai dai yanzu tambaya nake yi, na bar huɗuba. Kuma na koyi cewa kafin ka zagi wata sana'a a falon mutum, ka fara tambayar abin da maigidan yake yi. In ka manta, to ka tabbata motarka za ta iya gudu da kai.