Ƙanzon Da Na Kankare

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa ya zo Potiskum duba aikina ba. Shi ke kula da bincikena na digiri na biyu, kan mutanen da suka zauna a yankinmu tun kafin a san rubutu. Dattijo ne da in ya ɗaga gutsuren tukunya a aji yana bayani, sai ka rantse yanzu aka sauke ta daga murhu. Wallahi tsoronsa nake ji.

Na yi makonni ina haƙa a wani kufai bayan gari, na tara tsingaro jaka-jaka (fasassun tukwane ke nan, Ummata kuwa tarkace take ce musu). In ya gamsu a kai su ɗakin gwaji in fara rubutu, in bai gamsu ba sai baɗi.

Ana gobe zai iso na duba su, na ga cikinsu baƙi ƙirin. Ni 'yar unguwar Dogo Nini, daga gidan da ba a nuna wa baƙo tukunya da dauɗa? Na ɗauko omo da soson ƙarfe na zauna bakin rijiya. (An koya mana wanke tsingaro. Ranar da aka yi bayanin irin wanda ba a wankewa, ina can wajen kamun ƙawata.) Waɗanda suka gagare ni na tura bayan randa don kada su ba ni kunya.

Da ya iso na baje su a tabarma, fes da su. Ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "'Yata, ina ƙanzon?"

"Ranka ya daɗe, ai na kankare shi tas," na ce, har da murmushina.

Ya cire tabarau. "Da shi za mu san abin da suka ci da zamanin da suka yi. Ƙasa ta adana mana shi tun kafin kakannin kakanninki, ke kin tura shi kwata."

Na ji kamar in nutse. Na ce akwai ragowa bayan randa. Mutumin nan da babbar rigarsa ya tsuguna ya zaro guda, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Zo ki gani. Wuta ta yi mata yawa, wataƙila goyon mai girkin ne ya yi kuka ta tashi. Ga sawun kankara nan, ita ma ta gwada, ta gaji ta bari."

Ya miƙo mini, na karɓa. Mace ce kamata, ba sunanta ba kabarinta, amma ga ranar da girki ya ƙone mata a tafin hannuna. Na manta da kunyar, na tsaya ina kallo kawai.

Waɗannan 'yan ragowar ne suka kai ni ɗakin gwaji. Yanzu duk ranar da tuwo ya kama mini, Abban yara ya fara magana, ce masa nake ya yi haƙuri, masu bincike na gaba nake tanadar wa.