Ofishin Gindin Rumbu

"Lahiya lau, mijin ƙarya. Ina goron da na aike ka? Wagga jaka kuma ta mi ce?"

Hajo ce ke amsa gaisuwar jikanta Badaru, wanda ya dawo daga kasuwar Jibiya rataye da sabuwar jaka. Tun lokacin korona kamfaninsu na Legas ya ce kowa ya yi aiki daga gida, shi kuwa ya kwaso kwamfutarsa ya tare wurin kakarsa. Waya a gidan nan ba ta da alƙawari, kana matsawa sai ta kama layin Nijar. A gindin rumbu take zama lafiya, don haka nan ya zama ofishinsa. Yanzu an ce kowa ya koma, kuma gogan ya rasa ta inda zai faɗa mata sai ta hanyar tsiya.

"Sakinki zan yi, tsohuwa. Ofis ya kira ni, ran Asabar zan tafi."

"Ka sake ni? Kai da ko kaza ba ka aje ba? Wane ofis ya hi wanda na ba ka? Rumbuna ya yi maka inuwa, akuyata ta yi maka masinja."

"Masinjar da ta cinye mini wayar caji? Can akwai na'urar sanyi, ga kujera mai juyawa."

"Can kau dole ka sa wando. Nan sama riga mai kwala kamar gwamna, ƙasa gajeren wando kamar ɗan dako a tasha."

"Ke fa? Kullum muna tsakiyar taro sai kin leƙo kin gai da manajana, har da tambayar iyali."

"In ga baƙi cikin gidana in wuce ba gaisuwa? Ba haka aka rene ni ba."

Ta juya ta dubi rumbun.

"Amma Badaru, har yau abin ga bai bar ba ni mamaki ba. Kakanka da raƙumi yake kai gero Maraɗi, shi kwana bisa hanya, shi dawo ƙahwa duk ta tsage. Kai kana zaune bisa tabarmata, mutanen Ikko na kallon ƙwayar idonka, kana kallon tasu, kuma wai aiki ne. Ikon Allah sai kallo. To mi ya rage da sai ka tahi?"

"Sun ce zumunta a ƙafa take."

"Tawa zumuntar hwa, a mi take?"

Wannan kam ba zolaya ba ce, kuma su biyun sun sani. Shirun gidan take tsoro.

Badaru ya zuge jakar, ya ciro ƙullin goro da wata sabuwar waya. Ya zaunar da ita gindin rumbu, ya nuna mata inda za ta taɓa, ya fita bakin titi. Can sai wayar ta yi ƙara. Ta taɓa da ɗan yatsa a tsorace, sai ga fuskarsa a tafin hannunta, manyan motocin hatsi na wucewa bayansa.

"Amarya, kina ganina?"

"La'ilaha illallahu. Kai ne can, kai ne nan? Ko daga Ikko haka za ka hito?"

"Haka, kullum bayan la'asar."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta goge da gefen zane.

"Ka ci ni, ja'iri, tahi ofis ɗinka. Amma kar ka kashe tukuna, bari in ƙara kallon mummunar huskar nan."