Riɗi a Ƙafar Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma na gwada mantawar ta ƙi, da hutun da na dawo Matameye ina shekara ta uku a jami'a, kaina ya cika da ilimi har yana zuba. A Damagaram nake karatun ilimin halittu. Ba aikin likita nake koyo ba, ban taɓa riƙe allura ba, amma tun ranar da Inna ta ga hotona a salula sanye da farar riga a ɗakin gwaje-gwaje, gidanmu kaf aka koma kirana Lokotoro, wato likita. Ban gyara wa kowa ba. (Gaskiya ma, in an kira ni da sunana na yanka, sai na ɗan ja lokaci kafin in amsa.)

Abin da ya kumbura mini kai ɗan ƙaramin aiki ne. Malaminmu ya kawo busasshen ganyen wani tsiro da Larabawa ke kira za'atar, irin na daji, mai fitowa a duwatsun ƙasashen da ke bayan hamada. Muka jiƙa shi a alkol, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura, muka tace, muka ɗiga ruwan a kan 'yan takardu masu faɗin ƙwayar wake. Sai muka aza takardun a farantan gilas da muka shuka wa ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ke sa miki ya yi mugunya. Da muka dawo dubawa, ƙwayoyin sun rufe farantan, amma kewaye da kowace takarda akwai zobe fes, ko ɗaya ba ta iya matsowa ba. Na tsaya ina kallon zoben nan kamar ni na halicci tsiron. Malam ya ce, "Ku lura, wannan a faranti ne kawai." Na ji shi da kunnena.

Kawu Habu ƙanen Inna ne, manomin rake a fadamar Dungu. Dogo ne, mai yawan raha, kuma ya daɗe da ciwon suga. Shi ya saya mini keken da na yi koleji da shi. A lokacin saran rake ne ya taka tsinin kututturen da aka sare, ba takalmi, ya huda shi a ƙarƙashin babban yatsa. Da mikin ya ƙi warkewa, Inna ta matsa masa a waya har ya hau moto, wato babur, ya zo, da niyyar ya sha ruwa a gidanmu ya wuce gidan likita.

Ba ya son zuwa. Motoci na jiran lodi a bakin gona, shi kuma tsoronsa kada a kwantar da shi. Yana zaune a tabarma yana jan ƙafa, yana neman wanda zai ba shi dalilin komawa gida. Sai ga ni.

"Kawu, ku bari in gani," na ce. Na durƙusa, na ɗaure fuska irin ta masu sani. Mikin bai kai girman ƙwandala ba, gefensa ya yi ja, yana ɗan wari. "Wannan ai ƙwayoyin cuta ne kawai. Irinsu muke kashewa a makaranta."

"To ka ji," in ji Inna. "Lokotoro ta gani."

Abin da ya rage shi ne za'atar, kuma na san inda yake. Gwaggona Hajiya Mariya ta kawo mana leda guda cikin tsarabar Makka, tana can saman kwaba ba wanda ya san abin da ake yi da ita. Rubutun jikinta Larabci ne, irin mara wasali, ban iya karanta shi ba. (Akwai kuma hoton burodi a jikin ledar. Na gan shi. Na ɗauka ado ne.) Da na buɗe, ƙamshin ya yi daidai da na makaranta. Na ga riɗi a ciki da wani jan gari, na ce a raina ai riɗi bai taɓa cutar da kowa ba.

Ba alkol a gidan Inna, don haka na tafasa shi da ruwa. Na tace da rariya, na wanke mikin da ruwan, sannan na dubi dusar da ta rage na ga asara ce a zubar. Na dambara ta a kan mikin, na ɗaure da farin ƙyalle.

"Da zafi, Kawu?"

"Ko kaɗan, ɗiyata."

Na juya na gaya wa Inna cewa wannan ita ce alamar magani mai kyau. Garin nan rabinsa gishiri ne. Mai lafiya da an sa masa shi a miki, sai an riƙe shi. Kawu bai ji komai ba saboda ciwon suga ya riga ya kashe masa jin ƙafa, ni kuma ban ko yi tunanin haka ba. Ya sa mini albarka, ya hau motonsa da rabin ledar, ya koma Dungu. Na koya wa matarsa Inna Rabi a waya yadda za ta riƙa canza ɗaurin kowace safiya. Duk ranar da na kira, sai ya ce da sauƙi. Na manta mutanenmu ko rai na fita haka suke cewa.

Ranar da aka dawo da shi, a kwance aka kawo shi a bayan motar rake. Jikinsa ya yi zafi rau, yana magana da mahaifiyarsu da ta daɗe da rasuwa. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri tana sheƙi. Muka ɗunguma gidan likita, ni da Inna da Inna Rabi da Hajiya Mariya. Kafin mu fita na koma ɗaki na ɗauko farar rigata na sa a kan hijabi. (Ee, na zo da ita hutu. A goge ma take.) Har a lokacin ban zargi kaina ba. Tunanina shi ne likita zai so ya ji bayani daga bakin wadda ta san aiki.

Ɗakin cike yake da majinyata da masu jinya. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya dubi ɗaurin ya ce, "Wa ke kula da mikin nan?"

Na matso gaba. Da Faransanci na amsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ko da bai gane ba. Na faɗi sunan tsiron na Latin. Na faɗi sunan sinadarin da ke cikinsa mai fasa fatar ƙwayar cuta. Na ba shi labarin zoben da na gani. Inna tana gefe tana gyaɗa kai, tana kallon matan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya don ta tabbata sun san ɗiyarta ce.

Ya bar ni na gama. Sannan ya sa safar hannu ya kwance ƙyallen.

Warin ne ya fara isowa. Wata mata da ke ba ɗanta kunu a gadon kusa ta ɗauki kwanon ta fita. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya fara bin sa. A cikin ramin mikin, wanda yanzu ya ninka yadda na bar shi, ga wasu fararen abubuwa ƙanana birjik. Na ɗauka tsutsa ce. Likita ya sa ɗan hantsaki ya ɗauko ɗaya, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo.

"Riɗi ne," ya ce, da Hausa.

Hajiya Mariya, Allah ya saka mata, ta ga kamar ana neman shaida, sai ta buɗe jaka ta fito da sauran ledar da ta ɗauko daga gidanmu. "Ga shi nan, likita. Daga Makka na kawo shi da hannuna."

Ya karɓa, ya juya ta, ya karanta rubutun. "Na san shi. A can ƙasar Larabawa na yi karatu, shekaru ina karya kumallo da shi. A zuba man zaitun, a dangwala burodi." Ya dube ni, ya dubi farar rigar tun daga wuya har gwiwa. "Malama, a wane gidan likita kike aiki?"

"Ɗaliba ce ni."

"Ta likita?"

"A'a."

Wani tsoho da ke kwance a gadon ƙarshe, wanda na ɗauka barci yake, ya ce da 'yar murya, "Ashe yaji aka sa masa." Mutum biyu suka yi dariya, suka kuma yanke ta da sauri, don Inna Rabi ta fara kuka. Na so in tuɓe rigar, amma maɓallanta suna da yawa. Haka na tsaya a cikinta. Inna ba ta sake kallon kowa ba, ƙasa take kallo.

Likitan bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A baranda ya ce mini abin da na gani a makaranta gaskiya ne, tsiron yana da ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta, masu bincike na aiki a kansa. Ya ce ƙafar mai suga ko da magani na gaske wuyar sha'ani gare ta. Sannan ya ce, "Amma da ya zo ranar da ya yi niyya, da muna da abin yi."

A ranar aka wuce da Kawu Damagaram. Aka cire yatsu biyu da wani yanki na tafin ƙafar. Ya rayu, alhamdu lillahi, sai dai an hana shi shiga ruwan fadama har abada. Yanzu a bakin gona yake zama ƙarƙashin mangwaro da sandarsa, yana kallon wasu suna saran rakensa.

Na daɗe ban iya zuwa Dungu ba. Da na je, na durƙusa na fara ba shi haƙuri, sai ya ɗaga hannu.

"Ni na so in koma gona, ke kuma kin so a ce kin iya. Kowa ya samu abin da ya nema." Ya miƙo mini guntun rake da ya fere. "Sha. Ni an hana ni."

Na karɓa na sha ina hawaye, shi kuma yana tambayata ko ya yi zaƙi bana.

Na gama karatuna, yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata koleji, kuma har gobe mutane na tare ni a gidan biki su ɗaga riga su nuna mini ƙurji. Na koyi magani guda ɗaya da bai taɓa ba ni kunya ba. Duk wanda ya nuna mini ciwo, ko cizon sauro ne, ba na ko sunkuyawa in duba. Tambayarsa nake ko akwai mai a moto, in babu in ce ya hau bayan nawa mu tafi gidan likita.