Sunan da Na Goge a Saman Fayil

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo.

Shekarata goma sha shida, kuma a duk unguwarmu ta Ƙofar Sauri ni kaɗai na sani da ke wuni gaban tsohuwar kwamfuta tana rubuta manhaja. In na fara bayani, ƙawata Zainab sai ta ce, "Ke dai Allah ya shirya," ita da sauran ƙawaye su koma hirar lalle. Shi ya sa na maƙale wa wasu mutane a intanet, masu gina manhajar haɗa shafukan yanar gizo, kyauta, kowa na iya sa hannu. Burina ɗaya: sunana ya shiga jerin masu gudummawa, ni ma in zama 'yar wani wuri.

Wata rana suka ce suna neman direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa shafi da rumbun bayanai. Na tsinci wata a intanet tana aiki tsaf. A samanta akwai sunan wani mutum da dogon Turanci kan lasisi. To ni fa 'yar makaranta ce, kuma duk wanda ya taɓa kwafar aikin gida ya san ƙa'idar farko: goge sunan mai shi. Na goge. Na haɗa da Turancin (yana cin wuri), na rubuta sunana har da na kakana, na tura.

Aka sa taron bidiyo ranar Asabar bayan la'asar. Na yafa mayafin sallah, na haɗa zoɓo, na gayyaci ƙawaye huɗu su ga ɗaukaka. Ba wadda ta zo.

Shugabar aikin, wata mata mai tabarau, ta buɗe fayil ɗina gaban kowa. Ta ce ta san wannan direban, kuma lasisinsa ya wajabta wa duk manhajar da ta haɗiye shi bin sharuɗɗansa, alhali nasu lasisin ya sakar wa mutane mara. In suka karɓa, sun jefa duk masu amfani da aikinsu cikin rigima. Sai ta tambaya, "Wa ya rubuta shi?"

"Ni," na ce, har da gyara mayafi.

Wani dattijo a kusurwar allo ya ɗaga hannu. "A layi na arba'in akwai kuskuren rubutu da na yi tun ba a haife ki ba. Na gode da kika adana mini shi."

Wallahi har fankar ɗakinmu sai da ta yi shiru. Na rufe kwamfutar. Kofuna biyar na zoɓo suna kallona.

Umma ta leƙo. "Mi ya hwaru?"

"Umma, asirina ya tonu a ƙasa bakwai."

"A unguwag ga an ji?"

"A'a."

"To tashi ki wanke kofuna."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan: na sha kunyar duniya, amma babu ko mutum ɗaya a kusa da zai iya yi mini dariyarta.

Bayan kwana uku na rubuta wa dattijon ban haƙuri, na gyara masa kuskuren nan na layi na arba'in, sunansa na nan a sama. Ya karɓa, ya sa sunana a ƙasan jerin masu gudummawar direban nasa. Harafi ɗaya na gyara, amma nawa ne.

Yanzu lasisi nake fara karantawa kafin komai, kamar takardar magani. Na nuna wa Zainab sunan nawa a waya. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Allah ya shirya."