Saifa a Ɓangaren Dama

Da nas ta koya mana taɓa cikin 'yarmu Hanifa mai sikila, don gane ko jini ya taru a saifa, sai na ce wa matata, "Bar min, ni na karanta bayoloji."

Wata safiya a flat ɗinmu na Lewisham na taɓo abu mai tauri. Gabana ya faɗi. Na kira ambulance ina salati, na kira Kano a fara addu'a.

Likita ya duba ta tsaf, ya ce in nuna wurin. Na nuna dama.

Ya ce, "Wannan haƙarƙari ne. Saifa a hagu take."

Har yau, in muka sayo balangu, matata kan miƙo min ƙashi: "Dokta, duba mana saifar nan."