Asubar da Tauraruwa Ta Sauko Maigatari

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, duk Maigatari a tsorace take, ana cewa fari zai dawo. Ni kuwa, sabon malamin makaranta, dariya nake musu. Na aro kyamara, na ce sai na ɗauko hotonta.

Da asuba na fita bayan kasuwa ni kaɗai. Ga wutsiyarta fara fat kamar likkafani. Ina saita kyamarar, sai na ji gurnani da huci mai zafi a ƙeyata.

Na yar da kyamarar, na nufi masallaci ina ihu, "Ta sauko! Wallahi ta sauko!" Masu alwala suka watse, ladan ya bar takalmansa.

Ashe raƙumin fatake ne ya tsinke igiya.

Yau har jikokina Malam Ta-Sauko suke ce mini.