Yatsan da Ke Gadin Kwamfutoci

A ofishin nan, idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa, da Injiniya ake farawa, kuma shi ne mai lissafin. Ba makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba. Shi ya duba ya ga ya cancanta, ya sa aka rubuta a ƙofarsa. Ma'aikata kuwa, saboda tsabar girmamawa, Sarkin Danna suke ce masa da zarar ya ba da baya.

Aikinsa ba na wasa ba ne. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta gano ko akwai kafar da ɓarayin intanet za su bi su leƙa sirrin mutane. Maɓalli ɗaya gare ta. Ka danna, ta ɗan yi tunani, ta nuna kore ko ja. Wannan maɓalli shi ne masarautar Injiniya.

Kullum da safe yakan fito zagaye cikin farar riga irin ta likitoci. Idan ya iso teburinka sai ka miƙe, ka kashe fanka, ka yi shiru. Ya kara kunne a jikin kwamfutar, ya gyaɗa kai, ya hura yatsansa, sannan ya danna. Idan kore ya fito sai ya ce, "Kun tsira yau ma," ya tsaya har sai an yi godiya.

Ranar da kwamfutar Akanta ta nuna ja, sai da Injiniya ya yi salati. Ya lulluɓe ta da mayafin tebur, ya sa maƙwabta suka ja kujerunsu baya, ya tura Akanta ya wanke hannu da sabulu. "Furosesarka ta kamu," ya faɗa masa da murya irin ta mai ta'aziyya. "Me kake ba ta?" Kwamfutar ta kwana tana sabunta kanta kamar yadda ta saba, da safe ta nuna kore. Injiniya ya yi mako guda yana ba da labarin tiyatar.

A gida ma darajar ba ta raguwa. Matarsa ta roƙe shi ya buɗe mata murfin kwalba, ya ɓoye hannu a aljihu. "Maman yara, wannan yatsan ba nawa ba ne ni kaɗai, amanar jama'a ce."

Ana nan sai manhajar ta sanar cewa sabon zubinta ya fito. Injiniya kuma ya ji raɗe-raɗin cewa Manaja na tunanin buɗe sashen tsaro, ana neman wanda zai shugabance shi. Nan take zuciyarsa ta gama zaɓen kujera mai juyawa. Ya kira taron gaggawa a babban ɗaki, ya haɗa majigi, ya zaunar da Manaja a gaba. Bai buɗe sabon zubin ya duba tun kafin taro ba, domin irin wannan aikin masu koyo ne.

"Ranka ya daɗe, 'yan uwa ma'aikata," ya fara, yana gyara wuyan riga. "Ban so in faɗa ba, don ba na son yabo. Amma duk wani gyara da za ku gani a wannan sabon zubi, daga farko har ƙarshe, shawarata ce. Masu manhajar ba sa motsi sai sun ji ta bakina."

Manhajar ta buɗe a bango. Injiniya ya ɗaga yatsa, ya kai 'yar kibiyar allo inda maɓallin yake zama. Babu maɓalli. Ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa har bayan kwamfutar.

"Na ɓoye shi ne saboda maƙiya," in ji shi.

Don ya sami lokaci, sai ya koma karanta bayanin sababbin gyare-gyaren da ke gefe, yana fassarawa da ƙarfi. An ƙara gano wata sabuwar kafa. "Ni na hango ta." An ƙara sababbin furosesa a jerin waɗanda ake dubawa. "Ni na matsa musu." Muryarsa ta dawo, ƙirji ya buɗe, ya shiga layi na gaba a guje.

"An cire maɓallin dubawa. Daga yanzu manhajar za ta riƙa duba kowace kwamfuta da kanta, ba ta buƙatar kowa ya..."

Ya tsaya. A bayansa bango ya riga ya cika da kore, ba tare da an hura ko yatsa ɗaya ba.

Manaja ya cire tabarau. "Injiniya, wannan ma shawararka ce?"

Injiniya ya dubi ƙofa, ya dubi jama'a. Idan ya ce a'a ya zama maƙaryaci a gaban kowa. "Tawa ce, ranka ya daɗe," ya amsa da wata siririyar murya.

"Kai, madalla! Ban taɓa ganin ma'aikacin da ya sallami kansa don ci gaban ofis ba. Sashen tsaro ya zama ba dole. Ɗakinka kuma dama muna neman inda za mu ajiye injin kwafi. A tafa masa!"

Ɗaki ya ɗauki tafi, Akanta har da miƙewa tsaye. Shi kuwa Injiniya, da yake jiki ya riga ya saba, sai ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya ce ba komai, yi wa kai ne.